Birnin Ƙudus Da Masu Tsaron Ƙofofinsa

A Tungan Maje, watau garin nan da ke bakin babbar hanya tsakanin Zuba da Gwagwalada a yankin Birnin Tarayya, ba abin mamaki ba ne a iske Alhaji yana maƙwabtaka da mutumin da a ke rubuta wa harufan JP a bayan sunansa, alamar ya ziyarci Urushalima. Shi Alhaji da sunan Ƙudus ko Baitul Muƙaddas ya san birnin, alƙiblar Musulmi ta farko. A Kubwa da Jikwoyi kuma akwai 'yan ƙananan majami'u na waɗansu 'yan ƙabilar Ibo masu bin addinin Yahudu, su ma in sun tashi addu'a wajen wannan birni su ke juya fuska. Gwamnatin Tarayya ta san da zaman wannan ƙauna, domin bayan ta kafa Hukumar Alhazai ta Ƙasa a 2006, sai ta kafa ta Kirista masu ziyara a 2007.

Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, a cikin tsohon birnin akwai zuriyar Hausawa da Barebari, gidajensu kuwa suna dab da ɗaya daga cikin ƙofofin Masallacin Ƙudus. Sana'ar magabatansu ita ce gadin ƙofa. Wanda ya bi labarinsu zai fi saurin gane yadda addinai uku suka yi ɗaruruwan shekaru a wuri guda, domin zaman Ƙudus kusan duk a kan ƙofa da mabuɗi ya ke, watau wa zai buɗe, wa zai shiga, kuma da wane lokaci.

Cikin Ganuwa

Ƙudus bisa duwatsu ya ke, tudunsa ya ɗara bakin teku da wajen mita 750, saboda haka da hunturu a kan yi sanyi mai tsanani, wata shekara har dusar ƙanƙara ta kan sauka. Tsohon birnin bai cika murabba'in kilomita ɗaya ba. Ganuwarsa ta dutse ce, tsawonta kamar kilomita 4, Sarkin Turkawa Sulaimanu ne ya gina ta tsakanin 1537 da 1541. In an gwada ta da badalar Kano, ƙarama ce ƙwarai. Tana da ƙofofi takwas, bakwai a buɗe, ɗaya kuwa, wadda a ke kira Babur Rahama, an toshe ta da gini tun da daɗewa. Mutum sama da 30,000 ne ke zaune a ciki, mafi yawansu Musulmi, an kuma saba kasa birnin unguwa huɗu: ta Musulmi, da ta Kirista, da ta Yahudawa, da ta Armeniyawa, waɗanda su ma Kirista ne amma da harshensu da cocinsu.

Baƙon da ke son ya ga birnin sosai sai ya shiga ta Ƙofar Dimashƙa ran Juma'a, ya gangara ta hanyar da a ke kira Alwad. Hanya ce matsattsiya, shimfiɗe da dutse, dama da hagu kantuna ne na masu burodi da kayan yaji da turare da tasbaha. Da hantsi za ta cika maƙil da masu tafiya Masallaci, kowa da dardumarsa a kafaɗa. Bayan azahar, wajen la'asar, sai ruhubanawan Katolika su ratso ta da ayarin masu ziyara, waɗansu ɗauke da gicciyen katako, suna bin hanyar da Kirista ke kira Via Dolorosa, wadda suka yi imani ta nan Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya bi. Rana na faɗuwa kuma sai ga Yahudawa cikin baƙaƙen kwat da malafa suna sauri zuwa Bangon Yamma don tarbar Asabar. Hanya ɗaya, yini ɗaya. Ba kasafai su kan gaisa ba, amma kowa ya san lokacin ɗan'uwansa. A kowace mararraba kuwa akwai 'yan sandan Isra'ila riƙe da bindigogi, abin da ke tuna wa baƙo cewa wannan zama yana da mai iko a bisansa.

Unguwar 'Yan Afirka

Daga hanyar Alwad, in mutum ya karya hagu ya bi lungun Ala'uddin, zai iske kansa a gaban wata ƙofar Masallacin da a ke kira Babun Nazir ko Babul Majlis. Kafin ya kai gare ta akwai waɗansu tsofaffin gine-gine biyu suna duban juna. Ɗaya Ribaɗin Ala'uddin Albasir, wanda wani basaraken Mamalik na Masar, makaho, ya gina a 1267. Ɗayan kuma Ribaɗin Mansuri, na Sarki Mansur Ƙalawun, an gina shi a 1282. Mutanen ƙasar Sakkwato sun san ribaɗi da ma'anar sansanin tsaron iyaka, irin wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a Wurno. A nan kuwa ma'anarsa masaukin baƙi masu ziyara, ƙananan ɗakuna jere kewaye da tsakar gida. A cikinsu ne jama'ar 'yan Afirka su ke zaune, iyalai kamar 50, asalinsu daga Nijeriya da Cadi da Sudan da Senegal. A cikin ƙabilun da su ke lissafa wa kansu akwai Hausawa, da Barebari, da Kanembu, da Zagawa, da Larabawan Salamat.

Yadda suka iso nan ba baƙon labari ba ne ga wanda ya ji tarihin aikin Hajji a ƙasa. Kafin jirgin sama, maniyyaci ya kan tashi daga Kano ko Katsina ya bi ta Barno, ya ƙetare Wadai da Darfur, ya faɗa Sudan, yana noma ko dako ko ɗinki a hanya don neman guzuri, har ya kai bakin Bahar Maliya ya haye zuwa Jidda. Wani ya yi shekara uku, wani goma, wani kuwa hanya ta riƙe shi, kamar mutanen garin Mai Wurno na bakin Shuɗin Nilu, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Akwai kuma wata tsohuwar al'ada ta cewa wanda ya gama Makka da Madina ya cika ziyararsa da Ƙudus, domin shi ne na uku a cikin masallatan da hadisi ya ambata a yi tafiya dominsu. Waɗanda suka ƙarasa, waɗansu suka ga wurin ya yi musu, suka zauna. Larabawa suna kiransu Takarna, kalmar da ta yi tushe ɗaya da Tukururu da 'yan Takari.

A zamanin mulkin Turkawa an san mutanen nan da riƙon amana da rashin tsoro, sai aka danƙa musu gadin ƙofofin Masallacin. A lokacin ba a yarda wanda ba Musulmi ba ya shiga harabar, su kuwa ba su san lallashi ba. Ƙaramin jakadan Ingila na wancan zamani, James Finn, ya rubuta cewa a 1855, da aka ba wani ɗan sarkin Beljiyam izinin shiga, sai da gwamnan birnin ya tara masu gadin ya tsare su a wuri guda tukuna aka wuce da baƙon. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko Turkawa suka mai da ribaɗan biyu kurkuku, ɗaya ma har a ke kiransa Kurkukun Jini domin a nan a ke ajiye waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. Da Turawan Ingila suka karɓi ƙasar, hukumar waƙafi a ƙarƙashin Mufti Alhaji Aminul Husaini ta ba 'yan Afirka hayar gine-ginen a kan kuɗi kaɗan. Yawancin kakannin mazauna na yanzu a wannan zamani suka zo, waɗansu kuma a lokacin yaƙin 1948.

Galibinsu maza ne suka iso, suka auri matan ƙasar. 'Ya'yansu da jikokinsu Larabci ne harshensu, Falasɗinawa su ke ɗaukar kansu, ko da ya ke sun sha gori daga waɗansu Larabawa masu kiransu bayi. Daga cikinsu ne Fatima Barnawi ta fito, wadda mahaifinta ɗan Nijeriya ne, sunanta ma yana nuna Barno. A watan Oktoba na 1967 aka kama ta bisa ajiye bom a wani gidan silima na yammacin birnin, bom ɗin bai tashi ba, ta yi shekara 10 a kurkukun Isra'ila, ta rasu a Alƙahira a 2022. Jama'ar suna da ƙungiyarsu da suka kafa a 1983. Ɗakunan da aka gina don baƙo ɗaya ɗaya yanzu iyali guda ke cikinsu, har tsakar gidan ma an cike ta da ƙarin gini.

Dutse Ɗaya, Suna Biyu

Wanda ya wuce Babun Nazir zai fita daga duhun lungu ya faɗa wani fili mai faɗin eka 35, kusan kashi ɗaya cikin shida na tsohon birnin, da itatuwan zaitun da wuraren alwala. A tsakiya ga Ƙubbatus Sahra, wadda Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya gama ginawa wajen shekarar 691, ƙubbarta tana ƙyalli da ruwan zinariya. A kudu ga babban masallacin da liman ke tsayawa. Dukan filin shi ne Masjidul Aƙsa a wurin Musulmi, inda aka yi Isra'i da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, nan ne kuma aka fuskanta a salla har wata 16 ko 17 bayan Hijira.

Yahudawa kuwa Dutsen Haikali su ke kiran wannan wuri, babu kuma inda ya kai shi tsarki a wurinsu. A nan ne, bisa tarihinsu, haikalin da Annabi Sulaimanu ya gina ya tsaya har mutanen Babila suka rushe shi, na biyun kuma Rumawa suka ƙone shi a shekarar 70. Abin da ya rage shi ne katangar da ta tokare filin ta yamma, mai manya-manyan duwatsu na zamanin Sarki Hirudus. A gindinta su ke addu'a, suna cusa 'yan takardun roƙo a tsagar duwatsun. Musulmi suna kiranta Bangon Buraƙa. Mai salla a bisa da mai addu'a a ƙasa, tsakaninsu bai fi jifa ba.

Rumawa sun daɗe da hana Yahudawa zama a birnin, sai bayan da Sayyadina Umar ya karɓe shi daga hannun shugaban Kirista Safroniyus, wajen shekarar 638, suka sami komowa. Da mayaƙan gicciye na Turai suka ci birnin a 1099, Musulmi da Yahudawa suka haɗa suka karkashe. Salahuddin Al'ayyubi ya ƙwato shi a 1187, bai rama da irin wannan ba.

Mabuɗin Coci A Hannun Musulmi

Tafiyar 'yan mintoci yamma da Masallacin, a unguwar Kirista, akwai Cocin Kabari Mai Tsarki, wanda Larabawa ke kira Kanisatul Ƙiyama. An fara gina shi da umarnin Sarkin Rum Kustantin, aka buɗe shi a 335, a wurin da Kirista suka yi imani nan aka gicciye Almasihu, aka binne shi, ya kuma tashi. An ruwaito cewa lokacin salla ya riski Sayyadina Umar a cikinsa, aka ce ya yi a nan, ya ƙi, don kada Musulmin baya su kafa hujja su karɓe wurin. Masallacin da ke ɗauke da sunansa yana nan daura da harabar cocin.

Ɗariƙun Kirista shida ne ke da rabo a cikin ginin: Girkawa, da Katolika, da Armeniyawa, da Kibɗawan Masar, da Suriyaniyawa, da Habashawa waɗanda 'yan ɗakunansu ke bisa rufi. Mabuɗin ƙofar kuwa ba ya hannun ko ɗaya daga cikinsu. Gidan Juda ne ke ajiye shi, gidan Nusaiba ke buɗewa, dukansu Musulmi, kuma a kan danganta wannan tsari da zamanin Salahuddin. Da asuba a kan miƙo tsani daga ciki ta wata 'yar taga da ke jikin ƙyauren, mai buɗewa ya hau ya cire kwaɗon bisa, sa'an nan a tura ƙofa. A zamanin da, riƙon mabuɗin hanya ce ta karɓar kuɗin shiga daga masu ziyara, amma abin da ya sa ya ɗore shi ne babu ɗariƙar da ta yarda ya koma hannun 'yar'uwarta.

Zo mu zauna, in ji Hausawa, zo mu saɓa. Rigimar ɗariƙun nan ta kai har sarakunan Turkawa suka fid da doka a 1757, suka sabunta ta a 1852, cewa kowane abu ya tsaya yadda ya ke. An san mai share kowace matakala da mai kunna kowace fitila. Akwai wani ɗan tsani na katako a gindin taga bisa ƙofar shiga, yana nan tun ƙarni na 18, domin ba wanda ke da ikon kawar da shi shi kaɗai. A 2002 wani ruhubanin Kibɗawa ya gusa da kujerarsa zuwa inuwa a bisa rufin, Habashawa suka ce ya shiga rabonsu, aka yi dambe har mutum 11 suka je asibiti. Mai ji zai yi dariya, amma gardamar Faransa da Rasha a kan wuraren nan masu tsarki tana cikin abubuwan da suka jawo yaƙin Kirimiya na 1853. Daɗin abin, in sun haɗa kai aiki ya kan yiwu. A 2016 da 2017 manyan ɗariƙun uku suka yarda aka gyara ɗakin kabarin da ya kusa faɗuwa, Sarki Abdullahi na Biyu na Jodan yana cikin waɗanda suka ba da gudunmawa.

In An Taɓa Ƙofa

Tarihin ƙarnin da ya wuce ya nuna abin da ke faruwa duk ran da wani ya sāke tsari shi kaɗai. A 1928 gardama ta tashi a kan wani ɗan labule da Yahudawa suka kafa a gindin Bangon don raba maza da mata, ta yi ta ruruwa har a watan Agusta na 1929 aka kashe Yahudawa 133 da Larabawa sama da 110 a faɗin ƙasar. A 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a mai da Ƙudus birni na musamman a ƙarƙashin kulawar duniya, yaƙin 1948 ya sha gabanta. Sojan Jodan suka kama tsohon birnin, aka fitar da mazauna unguwar Yahudawa, aka rushe majami'unsu, Yahudawan Isra'ila suka yi shekara 19 ba su kai ga Bangon ba. Su ma Larabawa, Musulmi da Kirista, suka rasa gidajensu na yammacin birnin.

A watan Yuni na 1967 Isra'ila ta kama gabashin birnin. Cikin 'yan kwanaki aka rushe unguwar Magaribawa, gida kamar 135, waƙafi tun 1193, don a yi fili a gaban Bangon. Ministan tsaro Moshe Dayan ya bar gudanar da Masallacin a hannun hukumar waƙafi, bisa sharaɗin wanda ba Musulmi ba ya ziyarta amma kada ya yi ibada. Sai dai Isra'ila ta riƙe mabuɗin ƙofa ɗaya, Ƙofar Magaribawa, ta nan ne baƙi ke shiga. Manyan malaman Yahudawa na hukuma sun hana mabiyansu hawa wurin saboda tsarkinsa, amma waɗansu ƙungiyoyi ba su bi ba, har a 2024 ministan 'yan sanda Itamar Ben-Gvir ya fito fili yana cewa Yahudawa su yi addu'a a can.

Ran 21 ga Agusta 1969 wani Kirista ɗan Ostireliya ya sa wuta a Masallacin, mumbarin da Salahuddin ya kawo ya ƙone. Wannan ne ya sa shugabannin ƙasashen Musulmi suka taru a Rabat, aka haifi ƙungiyar OIC, wadda shigar Nijeriya cikinta a 1986 ta ta da ƙura a nan gida. Ziyarar Ariel Sharon a harabar a watan Satumba na 2000 ita ce ta kunna boren Falasɗinawa na biyu. A watan Yuli na 2017, bayan an harbe 'yan sandan Isra'ila biyu a bakin wurin, aka kafa na'urorin gano ƙarfe a ƙofofin. Musulmi suka ƙi bi ta cikinsu, suka yi kusan mako biyu suna salla a kan titi, mazauna unguwannin bakin ƙofa suna dafa musu abinci, har aka ɗauki hoton wani saurayi Kirista tsaye a cikin sahu da littafinsa a hannu. Daga baya aka cire na'urorin.

Batun wanda ke da mulkin birnin har yanzu ba a warware shi ba. Isra'ila ta ce dukansa babban birninta ne, ta kafa doka a kan haka a 1980, Kwamitin Sulhu ya ce dokar ba ta da tushe. Amurka ta mai da ofishin jakadancinta can a 2018, na Nijeriya da na mafi yawan ƙasashe suna Tel Abib. Falasɗinawa suna neman gabashinsa ya zama babban birninsu, yawancin mazaunansa Larabawa kuwa takardar izinin zama ce da su, wadda a ke iya ƙwacewa. Kirista sun ragu har ba su kai kashi biyu cikin ɗari na mutanen birnin ba.

Addinan nan uku ba su taɓa daidaitawa a kan aƙida ba, ba kuma za su daidaita ba. Duk zaman lafiyar da Ƙudus ya taɓa samu ya zo ne daga ƙananan ƙa'idodi da aka yarda da su, da kuma mutanen da aka ba amana suka riƙe, kamar gidajen nan biyu masu mabuɗin coci, da Takarna masu gadin Masallaci. Akwai abin lura a nan ga garuruwan Nijeriya inda masallaci da coci ke layi ɗaya, inda lasifika ko fili ko tare hanya ran Juma'a da Lahadi ke iya zama sanadin fitina. Yarjejeniyar da dattawan unguwa suka ƙulla, komai ƙanƙantarta, kada mai ƙarfi ya warware ta shi kaɗai don ya ga yau yana da iko. Allah ya zaunar da Ƙudus lafiya, ya zaunar da Nijeriya lafiya, amin.